Yaron da Mai Wushirya Ba Ta Haifa Ba

Zuwa ga Takwara,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen wurin aikinku. Mu nan sai godiya. Ruwa ya yi gyara, ɗakin baya ya daina yoyo tun da aka sake masa kwano. Tela na ƙofar gida ne yake rubuta min wannan. Na ce masa ya sa maganata yadda ta fito, kada ya yi mata kalmasa kamar bakin riga.

Da farko ki kwantar da hankalinki, an ga Innarki. Na san ba ki ma ji ta ɓata ba, amma gara in fara miki da zaƙin kafin ɗacin.

Ga yadda aka yi. Na kai ta asibiti awon jini, muna zaune a benci, sai wata nas mai fara'a ta tsaya tana kallonta. Ta ce, "Inna, ba ke ce Mai Wushirya ba? Ashe kin koma fim ba ki gaya mana ba?" Ta miƙo mata waya. Na leƙa ta kafaɗarta. Takwara, ita ce, tana budurwa, da wushiryar, da karkatar da kan nan da take yi in za ta yi magana. Tana tsaye a tashar mota da jariri a hannu. Ta ajiye shi a kan benci, ta ce da muryarta, "Ni ba zan iya ba, wani ya ɗauka." Ta juya ta tafi.

Ni na riƙe wa matar nan fitila tun fim ɗinta na farko har ta daina. Ba a taɓa haska fuskarta ba sai ina tsaye a bayan hasken. Wannan fim ba a yi shi ba. Na faɗa wa nas, ta yi dariya ta ce ai yanzu na'ura ke yi, talla ce ta wani sabon shiri. Ita abin ya burge ta. Ba na ganin laifinta.

Kin san yadda muke zaune tun da mantuwa ta kama Innarki. Duk abin da ya kuɓuce mata, ni take juyowa ta tambaya. "Mai Fitila, na ci abinci?" In ce kin ci. "Yayata tana da rai?" In ce ta rasu, kina riƙe da hannunta. In na faɗa, ta yarda. Da wannan yardar take shan magani, da ita take kwanciya. Ba mu da wata dukiya da ta wuce ta.

A hanyar gida ta ce, "Mai Fitila, yaron nan fa?" Kin san yanzu ba ta raba fim da abin da ya faru. Na ce babu yaro, Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma waccan ba ke ba ce. Sai ta ce, "To, kai ma ka fara mantuwa. Wa zai riƙe mu?"

Washegari da hantsi na shiga wanka, na fito babu ita. Ba zan gaya miki yadda na bi layi da ƙafa ɗaya takalmi ɗaya babu ba. A tasha aka same ta, tana bin benci-benci tana ɗaga kayan mutane tana leƙawa. Mai shayin bakin tasha ya gane ta, ya zaunar da ita, ya haɗa mata shayi, ya aiko direba ya faɗa min. Allah Ya saka masa. Ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Yanzu ga tambayata. Kwalin kaset ɗin nan da kika ɗauka bara, kika ce za ki juye su kada su lalace, ina yake, kuma hannun wa da wa ya shiga? Ba zarginki nake ba. Jikar ɗan baffana ce ke, amma a tsakar gidan nan kika yi rarrafe, sunanta kuma kika ci. Sai dai wanda ya ba da ajiya yana da bakin tambaya.

Kada ki kira wayar Tela. In ana iya ƙera muryar Innarki, taki ma ana iyawa. Ki rubuto da hannunki ki ba direban da ya kawo miki wannan. Ban iya karatu ba, amma na san rubutunki, kamar kaza ta bi ta kan yashi.

Kakanki, Mai Fitila. Ga babban yatsana a ƙasa.

*

Takwara,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Direba ya je ya dawo, ya sake komawa ya dawo, hannunsa babu komai. Ya rantse ya tura takardata ta ƙarƙashin ƙofarki. Wata ya kusa cika. Shiru ma amsa ce, amma ban so in ji ta daga gare ki ba.

Mun yi baƙo. Wani saurayi mai ƙamshin turare da takalmi mai tsini, da kwalin lemo a hannu. Ya durƙusa har ƙasa, ya kira Innarki da Mai Wushirya, ya ce su masu shirin ne, sun zo karrama ta, ta sa hannu a takarda kawai. Kin san ta da baƙo. Har ta miƙa hannu za ta karɓi biro. Na ce masa, "Samari, matar da ba ta san ko ta karya kumallo ba, ita za ta san abin da ta sa wa hannu?" Ya ce ai tsohuwar takardar da ta sa wa hannu tana yarinya ta riga ta ba su komai, wannan ladabi ne kawai. Na ce to ga ƙofa can, ita ma tana son ladabi, a fita ta cikinta a hankali. Lemonsa na bi shi da shi har bakin titi.

Innarki yanzu in an zuba mata abinci sai ta raba biyu, ta rufe rabi, ta tura ƙarƙashin gado ta ce na yaro ne. Magani kuma ba ta karɓa daga hannuna, wai mai mantuwa zai iya ba ta sau biyu. Matar Tela ce ke shigowa ta ba ta. Ni da na san ranar da aka huda mata kunne na biyu, yau ni ne ba a yarda da kaina ba.

In hannunki na ciki, ki faɗa min. Na fi iya ɗaukar gaskiya a kan jira.

Kakanki.

*

Zuwa ga Kakana, tsohon angona mai saurin fushi,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna, da Tela da iyalinsa. Lafiyata lau. Jiya na dawo daga wurin ɗaukar fim a wani ƙauye mai nisa, na tura ƙofa na tarar da takardunka biyu a ƙasa, ƙura ta rufe su. Na zauna a kan akwatina na karanta su. Na gode Allah da aka ga Inna. Ka kai wa mai shayi gaisuwata.

Kaset ɗinka suna ƙarƙashin gadona. Ni kaɗai na juye su, ko ƙawata ba ta gan su ba. Yau da safe na bi diddigin maganar. Da mai tsohon kamfaninku ya rasu, magadansa sun sayar da duk finafinan, wasu suka saya. Abin da suka yi shi ne, wata yarinya ta yi wasan, ita ta ajiye jaririn. Sai aka ba na'ura tsofaffin finafinan Inna ta koyi fuskarta da muryarta, aka ɗora a kan yarinyar. A ginin da nake aiki ma ana yin irin wannan, shi ya sa na san yadda yake.

Na je wurin lauyan ƙungiyar 'yan wasa da takardarka ta biyu. Da ya kai wurin ƙofa mai son ladabi sai da ya cire tabarau ya yi dariya. Ya ce ka kyauta da ka kori mai lemo, kuma da sun tabbata tsohuwar takarda ta ishe su, da ba su zo neman sabuwa ba. A ganinsa sun sayi finafinan da ta yi, ba su sayi bakinta su sa masa maganar da ba ta faɗa ba. Ya rubuta musu. Yana sa ran za su janye, don ba za su so a kai tsohuwa marar lafiya gaban alƙali a nuna abin da suka jawo mata ba. Amma wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane, ya ce ruwa ne da ya zube.

Kaka, ko sun janye, ba su janye shi daga kan Inna ba. Yanzu ta fi yarda da idonta a kan kunnenta, don haka ta ido za a bi. Ina so in nuna mata wata ƙarya irin waccan, amma wadda ba za ta taɓa yarda da ita ba. Wa ta sani a duniya fiye da kai? Ka bari Tela ya ɗauki fuskarka da waya, ka juya dama ka juya hagu, ka yi magana kaɗan. Zan sa a ɗora ta a kan wani gwanin rawa. In ta ga Mai Fitila yana juyi a kan dandamali, wataƙila ta gane cewa allo yana iya yin ƙarya.

Ba zan taɓa fuskarka ba sai ka ce ka yarda, da yatsanka a ƙasa.

Jikarka, Takwara.

*

Takwara,

Na ji daɗi da kika dawo lafiya, na kuma ji daɗin kaset. Wannan nauyin ya sauka, kwana na yi har da minshari, in ji Innarki. Ki yafe min zaton da na yi. Ki gaida lauya, mutum ne.

Amma na sa Tela ya maimaita min wani layi har ya gaji. "A ginin da nake aiki ma ana yin irin wannan." Ashe a gidanku ake dafa abin. Ashe da safe kina gaisawa da masu cire wa mutane fuska kamar hula. Yanzu kuma tawa kike so. Wanda maciji ya sara, sai a kawo masa wani maciji a ce magani ne?

Ni a bayan fitila na yi rayuwata, ban taɓa shiga gabanta ba. Hotona ɗaya ne a duniya, na katin shaida, shi ma sai da aka yi da gaske. Yau da furfurata a sa ni ina karkaɗa ƙugu? In ya fita fa? Ke da bakinki kika ce ruwa ne. Gobe in je sayen sabulu yara su bi ni da tafi. Ban yarda ba. Tela, ka rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Innarki ta sake gwada fita, na tare ta a zaure. Na sayi kwaɗo na sa wa ƙofa, abin da ban taɓa yi ba tun da muka shigo gidan nan. Ta zauna tana kallon kwaɗon, ta ce, "Malam mai gadi, in mijina ya dawo zan gaya masa ka hana ni neman ɗana." Na ce ni ne mijin. Ta ce, "Mijina ba ya ƙarya."

Ba ni da abin ƙarawa.

Kakanki.

Ƙari daga Tela: Ranki ya daɗe, wannan bai ce in rubuta ba. Bayan ya dangwala yatsa ya daɗe zaune a kan bencina yana wasa da almakashi. Da zai tashi ya tambaye ni ko wayata tana ɗaukar fuska sosai, ko irin mai hazo ce. Na ce tana ɗauka. Ya ce shi tambaya kawai ya yi.

*

Kakana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ga labari mai daɗi tukuna. Sun janye tallar, sun kuma rubuto wa lauya cewa sun cire fuskar Inna daga shirin gaba ɗaya. Yarinyar da ta yi wasan za ta fito da tata fuskar. An ce har kuka ta yi don murna, ita ma ashe ba ta so a rufe ta ba.

Maganar gini, ka ɗauke ta da zafi. Benen hawa-hawa ne, kowa da ofishinsa. Ni yanka fim nake yi ina jera shi, ba na ƙera fuska. Amma ba zan ce maka na'urar tasu daban take da wadda za mu yi amfani da ita ba. Ita ce dai. Bambancin da na sani ɗaya ne: su ba su tambayi Inna ba, ni ina tambayarka, kuma in ka ce a'a, a'a ce. Ba na ma yi maka alkawarin zai yi aiki.

In ka sauya ra'ayi, ka gindaya duk sharaɗin da kake so. In ba ka sauya ba, ina nan tafe ƙarshen wata mu yi tunanin wata hanya tare.

Takwara.

*

Zuwa ga Takwara, 'yar albarka,

Gaisuwa irin wadda ba ta ƙarewa. Muna lafiya, lafiya ta gaske wannan karon. Na ce wa Tela ya ɗauko takarda babba.

Na dai yarda. Kin ga hoton fuskata da ya aiko miki, ba sai na ba ki labarin yadda na zauna a kan kujerar keken ɗinkinsa ina juya wuya kamar akuyar da ake tayawa a kasuwa ba. Fitilarsa ma ba daidai ya sa ta ba, sai da na tashi na gyara masa. In za a yi abin kunya, a yi shi da haske mai kyau. Sharaɗina kin gani: daga ni sai Innarki sai mai waya, kuma da ta gani a goge.

Ranar da saƙonki ya iso, da safe ne, tana zaune a tabarma tana ninke tsummokaran da ta ce kayan yaro ne. Tela ya tsuguna ya riƙe mata wayar. Ni na tsaya a bakin ƙofa, don ban ga abin ba tukuna, kuma ban so in gani ba. Kiɗa ya tashi. Dole na matso.

Takwara, Allah Ya shirye ki. Wando mai ƙyalli? Ga ni nan da gemuna da komai, ina juyi a kan ƙafa ɗaya kamar mazari, na yi sama na dawo na tsage ƙafafu a ƙasa, na miƙe ina kashe wa jama'a ido. Tela ya cusa bakinsa a hannun riga, kafaɗunsa suna rawa.

Innarki ba ta yi dariya ba da farko. Ta dubi waya, ta ɗago ta dube ni, ta sake duban waya.

Ta ce, "Wane ne wannan?"

Na ce, "Ni ne mana. Ba ga fuskata ba?"

Ta ce, "Fuskar taka ce. Amma ƙarya ne. Kai da ko tafi ba ka iya yi daidai da kiɗa ba? Ranar aurenmu ƙawayena suka ja ka fili, ka tsaya kamar an dasa turke."

Wannan kuwa haka aka yi, ban san tana riƙe da shi ba. Sai dariya ta kama ta, irin ta da, har wushirya ta fito, har tari ya sarƙe ta matar Tela ta kawo ruwa. Da ta lafa ta ce, "Mai Fitila, wa ya yi maka wannan sharri?" Kin ji, Mai Fitila ta ce, ba mai gadi ba.

Na ce, "Na'ura ce. Ita ta yi miki naki, na tasha."

Ta dubi tsummokaran da ke cinyarta.

"To yaron fa?"

"Kamar rawata yake."

"Babu shi?"

"Babu shi. Ba ki taɓa yar da kowa ba. Ko kyanwa ba ki iya kora."

Ta yi hawaye kaɗan. Ta ce, "Na ɗauka ina da wanda zan nema." Wannan kam ba mantuwa ba ce, tsohon ciwonmu ne ni da ita. Na zauna kusa da ita har ta share ido. Can ta juyo ta ce, "Na sha magani?" Na ce ba ki sha ba. Ta miƙo min hannu ta ce, "To ba ni."

Ban san lokacin da Tela da matarsa suka fita ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Washegari ta farka ta sake tambayar yaro. Ba da zafin da ba, amma ta tambaya. Aka kawo waya. Ta kalla kamar ba ta taɓa gani ba, ta yi dariyar daga farko, ta sake ba ni labarin turke, ta karɓi magani. Haka muke yi kowace safiya. Wani lokacin ma ba ta tambayi yaron ba, sai dai ta ce, "Ina abin nan na ƙarya? A nuna min." Saboda haka sharaɗin gogewa na janye shi da bakina. Ki sa lauya ya rubuta cewa rawar nan ta Innarki ce ita kaɗai, ranar da ba ta bukatarta a goge. In na gan ta a wayar wani, ke da Tela zan kai gaban alƙali, kuma wandon nan mai ƙyalli shi ne shaidata.

Ki zo ƙarshen watan kamar yadda kika ce. Ki taho da kwalin kaset, ina so ta ga na gaskiyar ma, in zauna kusa da ita in gaya mata inda na tsaya da fitila a kowanne.

Saura abu ɗaya. Jiya bayan ta gama dariya ta ce, "Amma mai ƙafafun nan ya iya. A gaishe shi." Sai na ga ta fi ni hankali, don ni ban taɓa tunaninsa ba. Ƙafafun wane ne, Takwara? Shi an tambaye shi kafin a rufe masa fuska da tawa? In an tambaye shi, ki kai masa gaisuwar Mai Wushirya. In ba a tambaye shi ba, ki neme shi ki tambaye shi yanzu. Ki gaya masa wani tsoho yana aron ƙafafunsa kullum da safe, kuma bai san ranar mayarwa ba.

Kakanki, Mai Fitila. Ga yatsana.